Jikin Mutum Amana Ne: Tarihin Gwajin Magunguna a Ƙasar Hausa, Daga Wurno Zuwa Kano

Gabatarwa

Duk maganin da likita ya rubuta wa majinyaci a yau, akwai wasu mutane da suka riga shi sha a lokacin da babu wanda ya san abin da zai haifar. Su ne 'yan sa-kai, waɗanda suka ba da aron jikinsu domin a gane ko magani yana warkarwa ko yana cutarwa. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da yake haɗiyar ƙwayarsa kullum ya ci gaba da nomansa, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kayar ake koya masa tafiya, duk suna cin moriyar wannan aro, ko da ba su san masu shi ba.

Sai dai a ƙasar Hausa, da zarar an ce ana neman mutanen da za a gwada magani a kansu, sai a fara kallon juna. Wasu sukan fassara wannan da jahilci. Tarihi bai goyi bayan wannan fassara ba. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, tsoron yana da asali da shekara da wurin da ya faro, kuma yarda ita ce jarin kowane bincike: idan aka ci amanarta a asibiti ɗaya a birni, ƙauyuka masu nisa irin su Lahodu a ƙasar Wurno su ma sai sun biya bashin. Za mu faro daga Wurno ɗin, domin a can ne aka binne sarkin da ya nemi a aiko masa da likita tun shekaru ɗari biyu da suka wuce.

Sarkin da ya nemi likita

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya gina Wurno a matsayin ribaɗi a gefen Gulbin Rima, ya zauna a cikinta, kuma a nan ya rasu a shekarar 1837. Ban da mulki da yaƙi, Bello marubuci ne a fannin ɗibbu. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko, yana ɗauko bayanan malaman Musulunci na da yana daidaita su da bukatar mutanensa. A wannan tsohon ilimi akwai kalmar da har gobe malamai da masu magani suke amfani da ita, wato mujarrabi, abin da aka jarraba aka ga aikinsa. Ke nan tunanin cewa sai an gwada magani kafin a amince da shi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa.

A shekarar 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, wanda mutane suka sani da suna Abdullahi, ya iso Sakkwato. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da jakada da likita da za su zauna a ƙasarsa. An turo likitan a tafiya ta biyu, amma ya sauka a gaɓar tekun Dahomey ya nufo arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi kansa Kilafaton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Abin lura a nan shi ne, mai ƙasa ne ya buɗe ƙofa da kansa, ya faɗi abin da yake so, bisa sharaɗinsa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sai lamarin ya juya. Likita ya zo, amma a bayan mai mulki ya zo. Aikin lafiya yakan bi ta hannun sarki, ya gangaro ga hakimi, ya iso ga dagaci, talaka kuma ya ji shela ya fito. A 1954 aka fara gwajin fesa maganin sauro a gidajen yammacin Lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, domin a ga ko za a iya katse zazzaɓin cizon sauro. Ba a daɗe ba aka gano sauron yankin ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan, labarin da ya zagaya duniyar masana. Daga 1969 zuwa 1976 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike a ƙasar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, inda aka riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauyuka ana ba su magani ana fesa gidajensu. Har yau ana karanta sakamakon Garki a jami'o'in duniya. Ashe manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna ba kimiyya gudummawa da jininsu.

Kano, 1996

A ranin 1996 annobar sanƙarau mafi muni da aka taɓa rubutawa a Nijeriya ta afka wa Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu yara. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa suke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières tana can tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta.

Ana cikin wannan hali sai tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta iso da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an ba shi lasisi ba. An ɗauki yara kimanin 200, aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, amma a kan awon da bai kai wanda aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Wasu sun tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, nakasar da shi kansa sanƙarau yakan bari. Bayan 'yan makonni tawagar ta haɗa kayanta ta koma, annoba kuwa tana ci gaba.

Maganar ta kwanta har watan Disamba na 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta tono ta. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma ba a sanar da su cewa ga maganin da aka tabbatar ana bayarwa kyauta a harabar asibitin ba. Ba a nuna takardar amincewa mai sa hannun iyaye ba. Takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar kuma, daga baya ta tabbata cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watanta baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a 2001, wanda ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006. Kamfanin a nasa ɓangaren ya tsaya a kan cewa bai yi laifi ba: ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki, ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma adadin waɗanda suka rayu a hannunsa ya fi na sauran wurare. Shi kuwa Trovan, an ba shi lasisi don manya a Amurka a 1997, sannan a 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Shari'a ta ɗauki shekaru. A watan Janairu na 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyok ta yanke cewa gwada magani a kan mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa. A wannan shekarar kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta.

Ba rashin ƙa'ida ne ya jawo wannan ba. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka azabtar da fursunoni da sunan bincike, aka tsara ƙa'idojin Nurembag, waɗanda sharaɗinsu na farko shi ne yardar mutum bisa raɗin kansa. Sanarwar Helsinki ta biyo baya a 1964. A 1972 aka fallasa binciken Taskigi a Amurka, inda aka shekara 40 ana kallon baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da an yi musu magani ba. Duniya ta san darasin. Abin da ya rage shi ne, uwar da take riƙe da ɗa mai sanƙararren wuya, ba ta karatun boko, ba ta da wani asibitin da za ta nufa, ba ta da bakin tambaya, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin ya tambaya a madadinta.

Bashin da wasu suka biya

Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata maganin rigakafin shan-inna da abin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Dalilan suna da yawa, akwai siyasa, akwai fushin yaƙin Iraƙi, akwai mamakin yadda ake bin gida-gida da ɗigon magani kyauta alhali babu ko maganin zazzaɓi a asibitin gari. Amma duk inda aka yi gardamar sai an ambaci yaran Asibitin Zana. Gwaje-gwaje sun nuna rigakafin ba shi da aibi, Kano kuma ta dawo da shi a watan Yuli na 2004 bayan an samo shi daga Indunusiya. Kafin nan aikin gama ya gama. Cutar ta yaɗu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya, kuma a 2006 yara sama da 1,000 ta shanye a Nijeriya kaɗai.

Jihar Sakkwato ba ta dakatar da rigakafin a hukumance ba, amma jita-jita ba ta san iyakar jiha ba. Magidanta da yawa a Arewa maso Yamma sun rufe ƙofa ga masu ɗigon. Yaron da ya rasa ƙafarsa a wannan zamani bai san Trovan ba, bai taɓa zuwa Kano ba, amma a kansa bashin ya faɗa. Gyaran kuwa ta hanyar da Bello ya nuna ya biyo, wato masu ƙasa su karɓi ragama. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da limamai suka shiga gaba. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Ƙanjamau: abin da gwaji ya bayar, da abin da rashinsa ya jawo

An ba da rahoton ƙanjamau na farko a Nijeriya a 1986. A shekarun farko jin sunan cutar tamkar jin hukuncin kisa ne. Abin da ya sauya wannan hali gwaje-gwaje ne da 'yan sa-kai suka shiga. A 1994 wani gwaji a Amurka da Faransa ya nuna cewa ba mai juna biyu magani yana rage yiwuwar jaririnta ya kamu daga kimanin kashi 25 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 8. A 1999 matan Kampala a Uganda suka taimaka aka gano hanya mai arha da ta rage kamuwar jarirai da kusan rabi. A 2011 wani bincike a kan ma'aurata 1,763, da yawansu 'yan Afirka, ya nuna cewa fara shan magani da wuri yana rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin ɗari. Nijeriya ta fara shirinta na raba maganin a 2002. A 2018 kuma aka bi gidaje a kowace jiha ana neman izinin gwada jini, binciken da ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne suke ɗauke da cutar, adadin da bai kai yadda ake zato ba.

Hanyar ba ta rasa gargada ba. A 2005 aka dakatar da gwajin ƙwayar rigakafi ta tenofobir a Kamaru bayan koke-koke a kan haƙƙin matan da suka shiga, aka kuma rufe reshensa na Nijeriya saboda wurin bai cika sharuɗɗan aikin ba. Dakatarwar ta jinkirta amsa, amma ta nuna cewa an fara samun masu sa ido.

Akwai kuma ɗaya haɗarin, wanda mai gudun gwaji yakan faɗa cikinsa. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, wasu suka mutu. A kasuwanninmu ma ba a rasa mai lasifika da yake sayar da gora ɗaya don ƙanjamau da hawan jini da shanyewar jiki. Wanda ya sha irin wannan shi ma gwaji ake yi a kansa, sai dai gwaji ne da babu mai rubuta sakamakonsa, babu mai dakatar da shi, babu kuma wanda za a kai ƙara.

Kano ta sake karɓar masu bincike

Abin da ya faru a 1996 yana cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa shi, ta wajabta rubutacciyar amincewar mutum bayan an bayyana masa manufar bincike da abin da zai iya biyo baya. Manyan asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna da kwamitocin da dole bincike ya bi ta hannunsu.

An ga amfanin wannan a fagen shanyewar ɓarin jiki, cutar da a ƙauye akan danganta da iska ko jifa. Daga 2014 zuwa 2017 wani bincike mai suna SIREN, bisa jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa, ya kwatanta masu cutar sama da 2,000 da takwarorinsu masu lafiya a asibitocin Gana da Nijeriya, ciki har da Kano da Zariya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna hawan jini shi ne uban tafiya, sai yawan kitse a jini, da ciwon sukari, da yawan gishiri, ya kuma nuna cewa masu yawan cin ganye sun fi samun kariya. Wannan magana ce da ta shafi tukunyar kowane gida a bakin Gulbin Rima, inda zogale da rama da yakuwa ba su da tsada.

Mafi ɗaukar hankali shi ne abin da ya faru da yara masu sikila. Kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya girma idan ba a ɗauki mataki ba. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi musu duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyaye da asibitocinmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, irin su Dakta Shehu Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka tsara gwaji mai suna SPRING a Kano da Kaduna. An auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da na'ura, aka ware waɗanda suke cikin haɗari, yara 220 suka shiga da amincewar iyayensu. Kowane yaro ya sami maganin haidiroksiyuriya, bambancin kawai a yawan awo ne. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma yana kare yara, wani gwajin kuma a kan yaran da cutar ta riga ta taɓa ya nuna haka wajen hana ta dawowa.

Birni ɗaya ne, yara ne a duka biyun, kuma akwai hannun Amurkawa a duka biyun. Amma a na biyu tambayar daga bukatar Kano ta taso, likitocin gida ne suka riƙe aikin, an bi yaran shekaru ana duba su, kuma maganin da aka tabbatar wanda iyaye za su iya samu ne.

Kammalawa

Har yanzu yawancin bincike a manyan birane yake tsayawa. Manomin albasa a Wurno, da masuncin madatsar ruwan Goronyo, da makiyayin ƙasar Rabah, ba kasafai ake jin muryarsu a cikinsa ba, alhali maganin da aka gwada a kan wasu shi za a ba su. Ƙin shiga bincike gaba ɗaya asara ce, shiga ido rufe kuma kasada ce. Idan wata rana mota ta tsaya a ƙofar dagacin Lahodu aka ce ana neman 'yan sa-kai, tarihin da muka bi ya bar wa mutanen garin tambayoyin da za su yi. Mene ne ake son ganowa, kuma wa ya ba da izini? Akwai maganin da aka riga aka tabbatar, kuma zan same shi ko da na ƙi shiga? In wani abu ya same ni, wa zai ɗauki nauyin jinyata? Zan iya fita duk ranar da na ga dama? In an gama, za a dawo a gaya mana sakamako, kuma maganin zai iso asibitinmu?

Izinin dagaci yana buɗe ƙofar gari, amma ba ya maye gurbin yardar mai jiki, mace ce ko namiji. Wajibi ne a yi bayanin da Hausar da mutum yake ji, ko Fulfulde in ita ce harshensa, a karanta masa takardar a gaban shaidan da ya amince da shi, a ba shi lokaci ya koma gida ya yi shawara. Mai binciken da ya amsa waɗannan tambayoyi ba tare da ƙosawa ba ya cancanci a shimfiɗa masa tabarma a ba shi ruwa. Wanda ya ce lokaci ya ƙure, a sa hannu kawai, sai a tuna masa da yara 200 na Asibitin Zana, a sallame shi.